Kabarin da Babu Kowa a Ciki

Masu turo mini saƙo kuna cewa, "Zuwaira, kin je Ingila kin dawo, ko hoto ɗaya ba mu gani ba," ku yi haƙuri. Hotuna suna nan a waya, sun fi ɗari biyu, amma tun da na dawo Batsari ban iya buɗe su ba. Yau zan faɗa muku abin da ya same ni, kuma yadda yake zan faɗe shi, ko da wasunku za su zage ni a ƙasan rubutun nan. Na san halinku sarai.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Zuwairatu, shekarata ashirin da shida, ungozoma ce ni a wani ƙaramin asibiti a Safana. Ina da aure, amma ba ni da miji. Wata bakwai da ɗaura mana aure, mijina Salmanu ya hau babur daga Ruma zai shigo Batsari ranar kasuwa, ba a sake ganinsa ba. An ga inda aka ja babur ɗin aka yi cikin daji da shi, shi ke nan. Mutanen yankinmu kun sani, idan mutanen daji suka ɗauki mutum, kira suke yi su nemi kuɗin fansa. Mu ba wanda ya kira mu. Ba gawa, ba jana'iza, ba zaman makoki. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, "Allah ya bayyana shi," mu ce amin. Babu wanda ya taɓa kuskuren ce mana "Allah ya jiƙansa," ni ma ko a cikin raina ban taɓa faɗa ba, don gani nake ranar da na faɗa ni na kashe shi.

Yayana Armaya'u ne ya kai maganar gaban alƙali. Alƙali ya ce in jira shekara huɗu. Idan sun cika babu labari, in zo da ƙafata in faɗa da bakina cewa ina son a yanke hukunci, sannan in shiga takaba, in na fita in auri wanda nake so. Shekara huɗu sun cika. Sau biyu ana sa rana ina ƙirƙiro haihuwar gaggawa a asibiti.

Ana gobe zan tafi kwas ɗin ungozomomi na mako biyu da aka zaɓe ni, ina tsakar gida ina cusa kaya a akwati, yaji a robar man shafawa, kilishi a jarida, garin kunu, da wata jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo mai warin kafur, sai Yaya ya yi sallama ya ja kujera ya zauna.

"Zuwaira, an sake sa rana. Litinin ta biyu bayan kin dawo."

"To, Yaya."

"Kullum to, Yaya. Ni ban ce ki yi abin da ranki bai so ba. Amma ki dubi Inna, ki dubi kanki. Kuma ki dubi bawan Allah can da ya yi shiru shekara biyu, ana kawo mishi 'yan mata yana cewa ba yanzu ba."

Na sunkuyar da kai ina ta ninke ɗankwalin da na riga na ninke. Bawan Allah can shi ne Shafi'u, abokin Yaya, malamin lissafi a sakandaren Safana. Bai taɓa ce mini yana so na ba, ya san ba ya halatta ga matar wani. Abin da yake yi kawai, kullum ƙarfe bakwai na safe saƙonsa zai shigo: "Malama ungozoma, an tashi lafiya? Allah ya ba da ladan aiki." Ni kuma in rubuta, "Amin, na gode, Malam." Shekara biyu ba mu wuce haka ba. Amma tunda na ce gaskiya zan faɗa, ranar da saƙon ya makara da minti goma sai in kasa karyawa. Ga laifina na farko, ku rubuta.

Garin da aka kai mu na bakin teku ne, ruwa kullum, rana sai ka ce an hana ta fitowa. Ɗaki ɗaya aka haɗa ni da Lubna, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kano, mai baki kamar rediyo, wadda ta raɗa mini suna "'yar ƙauye" tun a filin jirgi saboda na gaida direban bas har da tambayar iyali. Ranar Asabar ta ƙarshe aka ce babu aji, kowa ya je ya ga gari. Lubna ta sha janbaki ta ɗaura gyale a kan wando, ni na zumbula hijabina ruwan toka a kan rigar gwanjo, na zama kamar buhun gero. Muka ga kasuwa, muka ga jiragen ruwa, muka ci wani kifi marar gishiri. Muna karyo wata kwana sai ga shi a gabanmu.

Coci ne, amma ba irin na kwano da muka sani ba. Dutse ne zalla, ya yi baƙi don tsufa, hasumiyarsa ta yi tsini ta shige cikin hazo. Ƙofofi da tagogi duk a tsuke suke daga sama. Abin da ya fara tsorata ni indararonsa: kowane ɗaya an sassaƙa shi da siffar wata halitta mai fukafukai ta wage baki, ruwan sama yana zubowa ta cikin bakin.

"Mu shiga," in ji Lubna.

"Ina? A'uzubillahi! Coci fa ne."

"Ke dai 'yar ƙauye ce. Bauta aka ce ki yi? Gini za mu kalla. Ba ki ga 'yan yawon buɗe ido suna ta shiga da kyamara ba? Kuma ruwa zai jiƙa mini gyale."

Ruwan ne ya tura ni, don a lokacin ya ɓarke sosai. Na karanta Ayatul Kursiyyu a gaggauce, na yi bismillah. A bakin ƙofa, ba tare da na yi tunani ba, na tuɓe takalmana har da safa na jera su gefe. Wurin ibadar mutane ne, ko ba nawa ba, ƙafata ba ta saba shiga irin wurin da takalmi ba. Lubna ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Wayyo Allah, Zuwaira za ta kashe ni! Kowa da takalminsa, ke kin zo masallacin Batsari!"

Na duba, gaskiyarta. Amma kunya ta hana ni komawa in saka, sai na shige haka nan.

Jama'a, sanyin daɓen nan har cikin haƙorana na ji shi. Ciki kuwa duhu-duhu ne, da warin tsohon dutse da kyandir. Ginshiƙai sun miƙe sama sun je sun haɗe a can ƙololuwa kamar haƙarƙarin sa. Tagogin gilashi ne ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, hasken da ke ratsowa ya zuba a ƙasa ya rine mini ƙafafu. Ko tari mutum ya yi sai ginin ya maimaita. Lubna ta yi gaba tana ɗaukar kanta hoto, ni na tsaya a wani lungu ina kallon sama, baki buɗe.

Sai na ji tafin ƙafata yana taɓa wani abu kamar zane a jikin dutsen. Mai takalmi ba zai ji shi ba. Na duba ƙasa. Rubutu ne, ƙafafun mutane sun cinye rabinsa. Suna, da shekara, da wata shekarar. Na dubi dutsen da ke gaba, shi ma haka. Na baya ma haka. Tun da na shigo a kan kaburbura nake tafiya.

Na yi tsalle gefe, na sake faɗawa kan wani. Na rasa inda zan sa ƙafa, sai salati nake yi. Mu da mace ko maƙabarta ba ta zuwa, yau ga ni tsaye a kan mutane, ƙafa ba takalmi.

Wata tsohuwar Baturiya mai kula da baƙi ta taho tana dogara sanda, gashinta fari fat, da wata 'yar rigar saƙa shuɗiya. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi fuskata, ba ta yi dariya ba. Da ɗan Turancina na ba ta haƙuri, na ce ban san kabari ba ne.

Ta ce kada in damu, sun saba, shekara ɗaruruwa ana taka su. Sannan ta nuna wanda nake kai da sandarta. "Wannan ma babu kowa a ciki."

Na ce ban gane ba.

Ta ce wani matuƙin jirgin ruwa ne, ya fita wata safiya shekara ɗari biyu da suka wuce, ba a sake ganin ko katakon jirgin ba. Matarsa ta yi ta zuwa bakin teku tana duba. Da ta shekara bakwai, sai ta sa aka sassaƙa dutsen nan da sunansa aka shimfiɗa. Ƙasa ce kawai a ƙarƙashi.

"To don me?" na tambaya.

"Don ta sami inda za ta tsaya," in ji tsohuwar.

Tambayar da ta fito mini ni kaina na ji kunyarta. "Ta sake aure?"

Tsohuwar ta yi murmushi, ta ce ƙwarai, har da 'ya'ya biyar. Kabarinta yana can ɗaya ɓangaren kusa da mijinta na biyu. Ta ƙara kallona, ta ga abin da ta gani a fuskata, ta dafa mini hannu ta wuce abinta.

A lokacin ne wani ya fara taɓa abin kiɗansu mai dogayen bututai, a hankali, sautin yana bi ta cikin daɓe yana hawa ƙafata. Na ɗaga kai. Can gaba, a kan ɗaya daga cikin dogayen bencinan, wani baƙin mutum yana zaune shi kaɗai ya ba ni baya. Siririn wuya. Kafaɗar hagu ta ɗan sauka. Kai a karkace, yadda Salmanu yake yi idan yana sauraren ƙarar inji, don bakaniken babura ne, da kunne yake gane ciwon babur. Wallahi har warin baƙin mai na ji, wanda sabulu bai taɓa fitar masa daga farce ba.

Na san ba shi ba ne. Me zai kawo Salmanu na Ruma cocin Ingila? Amma shekara huɗu ke nan ina ganinsa. Na gan shi a tashar Safana, na gan shi a bayan wata motar ɗaukar hatsi a hanyar Zakka, na taɓa bin wani mutum har cikin kasuwar dabbobi ina kiran sunan da ko a gabansa ban cika faɗa ba. Duk lokacin sai mutumin ya juyo, sai in ga baƙuwar fuska, sai in koma gida in kwanta zazzaɓi.

Wannan karon ban je ba. Na gaji. Na tsaya a kan dutsen matuƙin jirgi, ƙafafuna sun mutu don sanyi, na kalli bayan mutumin nan, hawaye suna shiga mini baki. Na ce a hankali, da Hausa, a wurin da ba mai jin Hausa:

"Salmanu, na jira. Allah ya gani na jira. Allah ya jiƙanka. Allah ya yi maka rahama, ya sa ka huta."

Ginin ya ɗauki maganar ya dawo mini da ita ƙasa-ƙasa. Na rufe ido. Da na buɗe, kiɗan ya tsaya, babu kowa a bencin. Ban ga tashinsa ba, ban ji takunsa ba, a wurin da ko allura ta faɗi sai an ji.

Ga laifina na biyu: sauƙi na ji. Wani nauyi da na manta ina ɗauke da shi ya sauka, har na ji yunwa. Ina tsaye a wurin na ciro waya na rubuta wa Yaya: "Ka ce wa alƙali zan zo ranar Litinin." Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "Alhamdulillahi. Allah ya yi miki albarka, ƙanwata." Washegari ƙarfe bakwai saƙon Shafi'u ya shigo kamar kullum, sai dai ya ƙara layi ɗaya: "Allah ya dawo mana da ke lafiya." Mana. Na karanta shi ya fi sau ashirin a cikin jirgi, Lubna tana leƙe tana cewa, "'Yar ƙauye an faɗa."

Na dawo gida na sami Inna ta fara tanadi a ɓoye. Ta ciro mini tufafin takaba marasa ado ta wanke ta goge, amma a ƙasan akwatinta na hango sabuwar atamfa koriya da ba ta nuna mini ba. Mako guda na yi ina barci kamar jaririya. Ban ƙara ganin Salmanu a tasha ba, ko a hanya.

Abu ɗaya ya rage: Gwaggo, mahaifiyarsa. Tun da aka tashi ƙauyensu ta dawo Batsari, tana zaune a wani ɗaki a bayan gari tana sayar da ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa kira na da komai ba sai "ɗiyata." Na ce ba za ta ji a bakin mutane ba. Ranar Lahadi bayan la'asar, ana gobe kotu, na sa doguwar riga baƙa da farin hijabi, na ɗauki tsarabarta, man zafi da rigar sanyi, na tafi ina ta shirya maganar a hanya.

Tun daga zaure na ji hayaniya. Tsakar gidan cike da mata, wasu na kuka, wasu na kabbara. Na ce a raina Gwaggo ta rasu. Sai ga ta ta keto cikinsu, ɗankwali a hannu, tana dariya da bakinta marar haƙora. Rabon da in ga dariyarta tun ina amarya.

"Ga ta nan! Allah ya kawo ki! Yanzu nike cewa a kira min ke. Zo, ɗiyata, zo ki ji da kunnenki."

Ta ja ni ƙofar ɗaki. Wani dattijo ne zaune a kan tabarma, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, ƙafafunsa duk miki. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam Jinjiri ne, daga Runka," in ji Gwaggo. "Wata ukku yana hannun mutanen daji, shekaranjiya ya kuɓuto. Malam, faɗa mata. Ita ce matar."

Dattijon ya dube ni ya daɗe. "Ke ce Zuwaira?"

"Ni ce, Baba."

"To mijinki na nan da rai. Ni na gan shi da idona, mun ci tuwo kwano guda. Ba su kashe shi ba, kuma ba su kira ku ba, don ba su da niyyar sakin shi. Shi ke gyara musu babura. Da sarƙa a ƙafarshi, amma lafiyarshi lau."

Mata suka sake ɗaukar kabbara. Ni kunnuwana ne suka toshe.

"Ya ba ni saƙo," in ji shi. "Ya ce in Allah ya fid da ni, in neme ki. Ya ce yana ƙirga damina, ya san huɗu sun cika, ya san abin da shari'a ta ba ki. Ya ce ba ya da bakin hana ki." Muryarsa ta karye, ya share ido da bakin riga. "Amma ya ce in roƙe ki, don Allah, ki ƙara mishi damina guda."

Ledar tsarabar ta suɓuce daga hannuna. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Gwaggo ta durƙusa a gabana ta kama fuskata da hannuwanta biyu masu ƙanshin man gyaɗa.

"Kin ji? Ban gaya miki ba? Kowa ya fid da rai, ni da ke kaɗai muka riƙe. Ni da ke, ɗiyata!"

Jama'a, ga na ukun, wanda ya sa na kasa barci na zauna rubuta muku. Na lalubi murna a cikin ƙirjina, na laluba ko'ina, ban same ta ba. An ce mini mijina yana raye da sarƙa a ƙafa, kuma fuskar da ta fara zo mini a rai ba tasa ba ce.

Duk matan gidan sun yi shiru suna jiran in yi kuka ko in yi sujada. Na buɗe baki in ce alhamdulillahi, muryata ta ƙi fita. Gwaggo tana riƙe da fuskata, tana kallon cikin idona. A hankali na ga dariyar tana barin bakinta.

"Zuwaira," ta ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Mi ya kawo ki yau?"